Harshe da Ƙididdigar Tsawon Rai: Nazarin Tambayoyin da Ake Gina Lissafi a Kansu, da Misali daga Sunkani

1.0 Gabatarwa

A ƙiyasin da Sashen Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2024, tsawon ran ɗan Nijeriya a shekarar 2023 ya tsaya a wajen shekara 54 da rabi, alhali na mutumin Jafan ya haura 84. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, wadda ita ma reshe ce ta Majalisar, ta ba Nijeriya shekara 62.6 a 2019, lokacin da ƙiyasin wancan sashe bai kai 55 ba. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, amma tazarar ta haura shekara bakwai. Dalili shi ne ba ƙirga wannan adadi ake yi ba, gina shi ake yi ta hanyar lissafi, kuma kowane magini da irin tubalinsa da ma'auninsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tubalin farko na wannan gini magana ce: 'yan tambayoyi kaɗan da ake yi wa mata a cikin ɗakunansu, da amsoshin da suke bayarwa. Saboda haka wani kaso na kuskuren da ke shiga lissafin kuskuren harshe ne, kuma masanin harshe ne ya fi cancanta ya gano shi. An ɗauki Sunkani, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Arɗo Kola a Jihar Taraba, a matsayin misali, domin wuri ne da Fulani da Mumuye da Jukunawan Kona da Hausawa suke zaune tare, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da hulɗa, ko da yake ba ita ce harshen gida ga da yawansu ba. Jimlolin da za a kawo a matsayin misali ƙirar marubuci ne, ba a ciro su daga takardar tambayoyin wata hukuma ba.

2.0 Me Adadin Yake Nufi?

Sau da yawa akan ji an fassara wannan adadi a rediyo da cewa "ɗan Nijeriya ba ya wuce shekara 54." Wannan fassara ta kauce, kuma ita ce ke sa mai sauraro ya yi tsaki, domin yana kallon tsofaffi masu shekara tamanin a ƙofar gidansa. Wani ma yakan ɗauka shisshigi ne a cikin sha'anin ajali, wanda saninsa na Allah ne. Abin da adadin yake nufi shi ne matsakaicin shekarun da rukunin jarirai za su samu, in da a ce yanayin mace-mace na wannan shekara zai ɗore har ƙarshen rayuwarsu. Bai shafi ajalin mutum ɗaya ba. Don haka a nan za a yi amfani da "matsakaicin tsawon rai", a guje wa kalmar "hasashe", wadda ke da ƙanshin duba.

Ga misali na lissafi tsantsa. A ɗauka an haifi jarirai 1,000. 200 daga ciki sun rasu suna da kimanin shekara ɗaya, sauran 800 kuma sun kai shekara 65. In aka tara shekarun duka aka raba da 1,000, za a sami 52.2. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya rasu yana da shekara 52. Yanzu a ɗauka iyaye mata sun yi shiru a kan 50 daga cikin yaran da suka rasu. Mai lissafi zai ga haihuwa 950 da rasuwa 150, amsarsa kuma ta zama 54.9. Shirun da aka yi ya ƙara wa al'umma kusan shekara uku a kan takarda, ba tare da an ceci rai ko ɗaya ba. Wannan shi ne abin da ya sa mace-macen ƙananan yara suka fi komai nauyi a wannan fage.

3.0 Yadda Ake Gina Lissafin

Asalin aikin shi ne jadawalin rayuwa, watau jerin da ke nuna mutum nawa ne daga cikin waɗanda aka haifa suke kaiwa kowace shekara. John Graunt ya fara gwada shi a Landan a 1662, Edmond Halley kuma ya kyautata shi a 1693 da bayanan birnin Breslau. Dukkansu sun dogara ne a kan rubutattun bayanan haihuwa da mutuwa. A Nijeriya, duk da Dokar Soja mai lamba 69 ta 1992 wadda ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kimanin mutuwa ɗaya cikin goma kawai ake rubutawa. A karkarar Arewa wannan ba abin mamaki ba ne: akan rasu a gida da hantsi, a yi jana'iza kafin azahar, ba mai neman takarda sai in gado ko fansho ya tilasta. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma ita ce ta 2006, wadda ta ba Jihar Taraba kimanin mutum miliyan 2.3, Arɗo Kola kuma ƙasa da dubu casa'in.

Wanda ya buɗe hanyar fita daga wannan matsala shi ne William Brass, wanda ya yi aikin ƙididdiga a Afirka ta Gabas kafin ya koma koyarwa a Biritaniya. A shekarun 1960 ya nuna cewa tambayoyi biyu sun isa a ƙiyasta mutuwar yara: 'ya'ya nawa mace ta haifa, kuma nawa ne suke raye. Kason waɗanda suka rasu a cikin 'ya'yan mata masu shekara 20 zuwa 24 yana kusa da yiwuwar mutuwa kafin shekara biyu. Na mata masu 25 zuwa 29 yana kusa da na shekara uku. Na masu 30 zuwa 34 kuma na shekara biyar. Daga baya aka faɗaɗa dabarar zuwa ga manya, ta hanyar tambayar mutum ko mahaifiyarsa tana raye, sannan a 1989 Graham da Brass da Snow suka fito da hanyar tambaya a kan 'yan'uwa mata domin ƙiyasta mutuwar masu haihuwa.

To amma waɗannan hanyoyi ɗan yanki kawai suke bayarwa na jadawalin. Ragowar aro ake yi. A 1966 Ansley Coale da Paul Demeny na Jami'ar Princeton suka tattara jadawalai 192 da suka amince da su, mafi yawa daga Turai, suka kasa su gida huɗu: Arewa da Kudu da Gabas da Yamma. Gidan Arewa, wanda aka daɗe ana ɗora wa ƙasashen Afirka ta Yamma, an samo shi ne daga Norwe da Suwidin da Ayislan, domin a can ma a ƙarni na 19 yara suna yawan mutuwa bayan sun wuce shekara ɗaya. Jadawalan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1982 domin ƙasashe masu tasowa ba su ƙunshi gidan Afirka ba, saboda rashin bayanan da za a gina shi. Ke nan rigar da ake auna tsohon Sunkani da ita a wata ƙasa aka ɗinka ta, kuma zaɓin rigar yana daga cikin abubuwan da ke haddasa irin saɓanin da aka ambata a gabatarwa.

Wasu masana kan bi ta hanyar tattalin arziki. Samuel Preston ya nuna a 1975 cewa tsawon rai yana hawa da sauri yayin da kuɗin shigar ƙasa matalauciya ya ƙaru, sannan hawan ya lafa. Sai dai shi da kansa ya gano cewa ƙaruwar kuɗi ba ta bayyana fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ci gaban da aka samu tsakanin shekarun 1930 da 1960 ba. Maƙwabciyarmu Nijar hujja ce: ta fi Nijeriya ƙarancin kuɗin shiga nesa ba kusa ba, amma ƙiyasin 2023 ya ba ta wajen shekara 61.

Babban tushen bayanai a yau shi ne Binciken Yawan Jama'a da Lafiya, wanda aka gudanar a 1990 da 1999 da 2003 da 2008 da 2013 da 2018, sannan a 2023 zuwa 2024. Na 2018 ya tattauna da mata fiye da 41,000, ya kuma sami mutuwar yara 132 cikin 1,000 kafin shekara biyar a ƙasa baki ɗaya: 187 a Arewa maso Yamma, 134 a Arewa maso Gabas, 62 a Kudu maso Yamma. Binciken a matakin jiha yake tsayawa. Duk wani adadi da aka liƙa wa Arɗo Kola, kamar irin taswirorin da aka wallafa a 2017 masu raba Afirka gida-gida na kilomita biyar-biyar, kwamfuta ce ta cike gurbinsa daga garuruwan da aka ziyarta. Takardar tambayoyin kuwa da Ingilishi aka tsara ta, aka fassara zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo. Matar Mumuye ko Bafillatana a Sunkani, in ba a sami tafinta ba, da Hausa za ta amsa.

4.0 Tambayoyin a Bakin Mai Amsawa

4.1 Haihuwa da Rasuwa

A ɗauka malamar ƙidaya ta yi sallama a wani gida, an shimfiɗa mata tabarma, ta fuskanci wata dattijuwa:

(1) Inna, 'ya'yanki nawa?
(2) Inna, haihuwarki nawa?
(3) Inna, cikinki nawa?

A idon mai fassara da gaggawa duk ɗaya ne, amma kowace tambaya da taron da take kirawo. Ta (1) takan kawo rayayyu, har da ɗan riƙo da 'ya'yan kishiya da ta rasu ta bari, domin a Hausa "ɗa" bai tsaya ga wanda aka haifa ba. Ta (2) ta fi kusa da abin da Brass yake nema, sai dai tana ƙirga aukuwar haihuwa ne, don haka tagwaye suna iya zama ɗaya, wanda ya zo ba rai kuma yana iya shiga. Ta (3) ta haɗa har da ɓari. Amsar ma ba lallai ta zo da lamba ba. "Alhamdu lillahi, 'yata, suna nan da dama," amsa ce cikakkiya a wurin mai ganin ƙirga 'ya'ya yana jawo baki.

Sai kuma kunyar ɗan fari. A al'adar Hausawa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, takan kau da kai daga gare shi a gaban mutane, sau da yawa ma kakanni ne ke riƙonsa. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya bayyana wannan filla-filla. A wurin Fulani abin ya fi tsanani. To ga tsarin binciken yana bukatar mace ta jero 'ya'yanta da sunayensu, ta fara da na fari. Watau tambayar farko ita ce wadda al'ada ta hana ta amsawa. In aka yi la'akari da cewa ɗan fari, musamman na yarinya ƙarama, yana cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗarin mutuwa, za a ga cewa wanda ya fi sauƙin faɗuwa daga jerin shi ne wanda lissafi ya fi bukata.

Mafi wuya duka shi ne jaririn da ya rasu kafin suna. A ma'aunin likita, duk wanda ya yi numfashi ko motsi ko kuka bayan fitowarsa an haife shi da rai, ko da minti ɗaya ya yi. A ma'aunin magana kuwa, ba a cika cewa irin wannan jariri "ya mutu" ko "ya rasu" ba. Cewa ake yi "ya koma", ko "bai zo da kwana ba". Wanda ya koma kamar baƙo ne da ya leƙo ya juya. Ba shi da sunan da za a rubuta, kuma tambayar "akwai wanda ya rasu?" tana iya wucewa ta kansa ba tare da uwar ta yi ƙarya ba. Binciken 2018 ya sami mutuwar jarirai 39 cikin 1,000 a watan farko, kuma sananne ne cewa mafi yawan irin wannan mutuwa a makon farko take aukuwa, watau daidai kwanakin da ke gaban ranar suna. Tambayar da ta dace, a ganin marubuci, ita ce wadda ta ari kalmar mutanen:

(4) Inna, a cikin haihuwar da kika yi, akwai wanda ya zo da rai, ya yi kuka ko motsi, sannan ya koma kafin suna?

Akwai wani ƙarin abu da ya keɓanci wurare irin su Sunkani. Hausar waɗanda suka koye ta a matsayin harshe na biyu takan zubar da bambancin jinsi, a ce "yarona ya rasu" ana nufin 'ya mace. Malamar da ta zo daga Kano ko Katsina za ta rubuta namiji ba tare da ta sake tambaya ba, alhali jadawalin maza daban yake da na mata.

4.2 Shekaru

Dabarar Brass ta rataya ne a kan sanin shekarun uwa, ga shi kuwa mai amsawa yakan ce "zan yi arba'in", ko "kamar talatin haka". Masana suna auna wannan ɗabi'a da ma'aunin Whipple, wanda ke duba yawan masu shekara 23 zuwa 62 da suka faɗi adadi mai ƙarewa da sifiri ko biyar. In ba a fifita kowace lamba ba sakamakon 100 ne, in kowa ya fifita waɗannan biyu 500 ne, abin da ya haura 175 kuma ana ɗaukarsa bayani mai rauni ƙwarai. Batun shekarar Hijira mai kwana 354, wadda ke sa shekara 33 ta zama 32 a lissafin Miladiyya, ƙaramin abu ne in aka gwada shi da wannan.

Inda harshe ya fi yin ɓarna shi ne shekarun yaro a lokacin rasuwarsa. "Shekara ɗaya" a bakin uwa tana iya zama wata goma ko wata goma sha biyar, kuma "ya shiga shekara biyu" ba daidai yake da "ya cika shekara biyu" ba. Iyakar da ke tsakanin mutuwar jarirai da ta yara kuwa a kan wata goma sha biyu cif take. A binciken 2018 an sami 67 cikin 1,000 kafin shekara ɗaya, da 69 tsakanin shekara ɗaya da biyar. Dangantakar waɗannan lambobi biyu ita ce ake dubawa wajen zaɓen gidan jadawalin da za a ara. Ke nan 'yan watannin da aka tura daga wannan ɓangare zuwa wancan suna iya sauya rigar aron gaba ɗaya, su taɓa har ƙiyasin tsofaffi.

Uwa ba ta rasa ma'aunin lokaci ba, nata ne dai ya bambanta. Ta san ko yaron ya rasu kafin ta gama wankan jego, ko yana zama, ko yana rarrafe, ko ya fara tafiya, ko an yaye shi; ta san ko da damina ne ko da kaka, ko da azumi. Manya kuma ana iya kafa shekarunsu da abubuwan da kowa ya shaida: rasuwar Sardauna a 1966, canjin hannun tuƙi a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 da ta Taraba a 1991, ko ambaliyar Binuwai ta 2012. Tattara sunayen da kowace al'umma ta ba irin waɗannan shekaru aiki ne na mai nazarin adabin baka.

4.3 Uwa da 'Yan'uwa

Tambayar "mahaifiyarka tana da rai?" tana da nata ramin. Wanda uwarsa ta rasu yana jariri, inna ko goggo ta raine shi, ita ya sani uwa, wani ma ba a taɓa gaya masa ba. In kuma aka yi tambayar a gaban mai riƙon, ladabi ba zai bar shi ya ce a'a ba. Masana ƙididdiga sun daɗe da sanin wannan illa ta riƙo, wadda ke rage yawan mutuwar manya a kan takarda.

Ita kuwa kalmar "ɗan'uwa", ko da yake ginin ta yana nufin ɗan uwa, ma'anarta ta faɗaɗa har ta haɗa da 'ya'yan baffa da na kawu da ma mutumin garinsu. Binciken yana neman waɗanda mace ɗaya ta haifa ne kawai. "Uwa ɗaya uba ɗaya" ya yi ƙunci, domin ya fitar da waɗanda uwa ta haifa a wani gidan, abin da ba baƙo ba ne inda aure ke yawan mutuwa. "Ɗan uba" yana ɗauke da ma'anar gaba, ba a so a furta shi. Kalmomin ilimin gado, shaƙiƙi da li'ummi da li'abi, sun fi kowanne daidaito, amma sai wanda ya yi karatu. "Waɗanda kuka fito ciki ɗaya" ita ce ta fi kusa. A wannan fage akwai sa'a guda: kwana 42 bayan haihuwa da likitoci suka ɗauka iyakar mutuwar masu haihuwa sun yi kusa da arba'in ɗin jego, don haka "ta rasu da ciki, ko a kan gwiwa, ko kafin ta yi arba'in?" tambaya ce da kowace mace za ta gane.

5.0 Sunaye a Matsayin Shaida

Hanyar da ta fi inganci ita ce a zauna da al'umma ana rubuta haihuwa da mutuwa a kai a kai, kamar yadda aka yi a Garki da Malumfashi a shekarun 1970, da kuma Nahuce ta Ƙaramar Hukumar Bunguɗu a Jihar Zamfara, inda aka kafa cibiyar sa ido a 2009. Irin wannan aiki yana da tsada, ba kuma kowace jiha ce za ta samu ba. Kafin a kai ga haka, akwai wata shaida da ke kwance a cikin jerin da malamar ƙidaya take rubutawa, ba ta kuma bukatar ko kwabo.

Sunayen gargajiya na Hausa tarihin haihuwa ne a taƙaice. Gambo yana bin tagwaye; in ga Gambo a jeri babu Hassan da Husaini ko Hassana da Husaina a gabansa, to akwai abin da ba a faɗa ba. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande kuma mace ce da ta biyo maza. In Tanko ne na biyu a jeri, ana iya tambayar ina sauran yayyensa. Ajuji da Ayashe sunayen 'ya'yan wabi ne, watau matar da 'ya'yanta ke rasuwa suna ƙanana, don haka jerin da ya fara da Ajuji ba tare da rasuwa ko ɗaya ba abin a sake dubawa ne. Talle yana nuna maraici tun ƙuruciya, abin da ya shafi tambayar da aka tattauna a 4.3. Azumi da Sallau da Marka da Nomau kuma suna nuna lokacin haihuwa a cikin shekara.

Wannan shaida tana da iyaka. Sunayen yanka ake bayarwa a gaban baƙo, laƙabi sai an tambaya. Wani kuma ya gaji sunan ne daga kakansa, ba yanayin haihuwarsa ya ba shi ba. A birane ma sunayen suna ja da baya. Haka nan a Sunkani ba na Hausa kaɗai za a duba ba, sai an bi tsarin raɗin suna na Fulfulde da Mumuye da Jukun Kona ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ne yake nuna jerin haihuwa, wanne ne yake nuna rasuwar waɗanda suka gabata. Wannan aiki ne da jami'o'in Jalingo da Wukari da Yola suka fi kowa kusa da shi, kuma ana iya fara shi da ƙara layi ɗaya a takardar tambayoyi, bayan sunan kowane yaro: "Inna, da wane suna ake kiransa a gida?"